Wa Zai Tsaya Kusa Da Akwatin?

Bayan an gama yankan dawa, waɗansu samari biyar daga wani ƙauye da ke tsakanin Malumfashi da Kafur suka same mu da wata shawara. Babbansu, wanda ya gama sakandare kuma yake gyaran waya ranar kasuwa, shi ne ya yi magana. Ya ce suna so su kafa tashar telebijin ta garinsu. Ba albashi suke nema ba, aikin sa kai za su yi. Da muka tambaye su abin da ya kawo wannan tunani, sai ya ce damina uku ke nan a jere tsutsa tana cin masarar iyayensu. Kowane mai kanti da irin maganin da yake cewa a saya. Malamin gona ɗaya ne ga garuruwa masu yawa, sai a yi wata ba a ga ƙurar babur ɗinsa ba. Akwatin telebijin ɗin da ke wurin mai shayi kuwa, daga ƙwallo sai fim.

Ba mu yi musu dariya ba, ko da yake wani dattijo da ke zaune tare da mu ya kusa. Mun roƙe su su ba mu kwana biyu mu yi tunani. Abin da muka tattara domin amsa musu shi ne muka ga ya kamata mu sa a wannan shafi, gama mun san ba su kaɗai ba ne suke da irin wannan buri.

Abin da doka ta ce

Mu fara da abin da ba zai yiwu ba. A Nijeriya ba a kafa turken watsa shirye-shirye, na rediyo ko na telebijin, sai da lasin daga hukumar NBC wadda aka kafa a 1992. Kuɗin lasin da na kayan aiki sun fi ƙarfin ƙauye, sun ma fi ƙarfin ƙauyuka goma in sun haɗu. Ko rediyon al'umma, wanda ya fi telebijin araha ƙwarai, sai a watan Mayu na 2015 gwamnati ta amince da lasin na farko guda 17 ga ƙasa duka. Manyan tashoshin telebijin na jiharmu, ta tarayya da ta jiha, a birnin Katsina suke. Wanda ya ɗaga ƙarfe a bayan gidansa ya ce yana watsa shiri, to ya jawo wa kansa ƙara.

Amma mu tsaya mu duba. Mene ne aikin tasha? Aiki uku ne. A shirya abin da za a nuna, a nuna shi ga mutane, sa'an nan a ji abin da mutanen suka ce a mayar da shi cikin shiri na gaba. Ba ɗaya daga cikin ukun nan da yake bukatar turke idan masu kallon duka suna iya taruwa a gindin bishiya ɗaya. Kuma wannan yanki namu na Funtuwa da Malumfashi ya daɗe da sanin irin wannan kallo. Ya ga amfaninsa, ya kuma ga yadda yake mutuwa.

Zamanin majigi

Dattawa suna tuna motar majigi. Tun zamanin En'e, motar Ma'aikatar Watsa Labarai takan iso gari da la'asar, a gaida hakimi ko dagaci, sanƙira ya zaga ya yi shela. Da an yi sallar lisha sai a kafa farin ƙyalle a fili, a ta da inji, yara su zauna a gaba, manya a baya. A shekarun 1950 aka yi wani fim mai suna Baban Larai domin koyar da noman auduga, kuma a nan Daudawa aka ɗauke shi, inda gonar gwajin irin auduga take. Har yau akwai tsofaffin da in ka ambaci sunan fim ɗin sai su yi murmushi. Dalili kuwa shi ne sun ga mutane masu irin rigarsu, da irin garmarsu, suna magana da irin bakinsu. Gani ya kori ji.

To, amma ba injin ne yake koyarwa ba. A kusa da injin akwai wani mutum riƙe da abin magana. Shi ne yake cewa ku dubi tazarar da ya bari tsakanin shuka da shuka, ku dubi yadda ya ware farar auduga daga mai datti. In mai bayanin gwani ne, jama'a su tashi da abin da za su gwada. In rago ne, an dai sha kallo.

Majigi yana da aibi ɗaya babba. Da gari ya waye motar ta wuce Bakori ko Ƙanƙara, kuma ba ta ɗauki maganar kowa ta tafi da ita ba. Ga misali. Shekara da shekaru ana gaya wa manomanmu su shuka auduga a watan Yuni domin ta fi yin kyau. Manoma su gyaɗa kai, sa'an nan su shuka a Yuli. Aka yi ta kiransu masu taurin kai. Sai da masu bincike na Samaru, irin su David Norman, suka zauna a ƙauyuka a shekarun 1960 da 1970 suna lissafin kwanakin aikin gida guda, sa'an nan aka gane cewa a watan Yuni hannun kowa yana kan noman gero da dawa, kuma mai hankali ba ya barin abincin gidansa a cikin ciyawa domin ya bi abin sayarwa. Manomi ya san wannan tun fil'azal. Hanyar da maganarsa za ta bi ta koma ce babu.

Gidajen kallo

Telebijin ya fara a Badun ranar 31 ga Oktoba 1959. Namu na Arewa ya buɗe a Kaduna a 1962, zamanin Sardauna, tare da taimakon kamfanonin Granada da EMI na Ingila. A 1977 gwamnatin tarayya ta haɗa tashoshin ƙasa duka a ƙarƙashin NTA. A lokacin nan kuɗin mai ya shigo, kuma yankinmu ya ga rabonsa. A 1975 aka buɗe babban shirin raya aikin gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. Ya shafi gundumomin Funtuwa, Bakori, Malumfashi, Ƙanƙara da Faskari, ya yi hanyoyi da madatsun ruwa da wuraren sayar da takin zamani, ya kuma yaɗa irin masarar nan ta TZB. Kafin ya ƙare a 1980, masarar da a da ake shuka ta a bayan gida domin gashi ta zama amfanin gona na cika rumbu da cika mota.

A waɗannan shekaru ne gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi suka shiga gina gidajen kallon telebijin a garuruwan da ba su da lantarki. Ɗan ɗaki ne ko rumfa, da akwati a cikin kejin ƙarfe, da dogon sandan eriya, da ɗan injin ba da wuta. Waɗanda suka yi ƙuruciya a lokacin ba su manta da daren da ake nuna Samanja, watau Usman Baba Pategi, ko Kasimu Yero ba. Har daga ƙauyukan kewaye ake zuwa da fitila a hannu. Ana kuma nuna shirye-shiryen noma, waɗanda sashen yaɗa binciken gona na Samaru, wanda aka kafa tun 1963, yake taimakawa wajen shiryawa.

Ina gidajen nan yau? Wani ya zama wurin ajiye buhuna, wani awaki suke kwana a ciki, wani ko tubalinsa ba a gani. Ba za mu nuna wa kowa yatsa ba, domin mu ma mun taɓa yin irin wannan kuskure da hannunmu. Shekarun baya wani mai son alheri ya ba mu akwati da inji da na'urar kaset domin wani gari a yankin nan. Muka kai da murna, aka yi taro, aka yi jawabai, aka ɗauki hoto. Muka danƙa mabuɗi ga wani bawan Allah domin kawai gidansa ne ya fi kusa. Ba mu tambayi wanda zai sayi mai ba. Ba mu tambayi wanda zai yi gyara ba. Ba mu koya wa kowa yadda zai tsayar da kaset ya yi bayani ba. Wata na farko fili ya cika. Wata na uku mai ya ƙare, aka fara karɓar kuɗin shiga, kuma da yake ba wanda zai biya kuɗi ya kalli yadda ake haɗa takin gargajiya, sai finafinan faɗa suka maye gurbin kaset ɗin noma. Kafin shekara ta zagayo inji ya lalace. Mutanen gari suka ce kayan masu kawowa ne, su zo su gyara. Mu kuma muka ce ai mun ba su. Akwatin ya ƙare a ɗakin wani da ba mu san yadda aka yi ya kai can ba.

Akwatin bai yi laifin kome ba. Mun kai na'ura, ba mu kai mata mutum ba.

Yadda maƙwabta suka yi

Ba sai mun je nesa ba. A Jamhuriyar Nijar, tun 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na sauraron rediyo. A kowane gari da ke da kulob akwai mai jagora, yawanci malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti ko na gona, wanda yake yin wannan bayan ya tashi daga aikinsa. Yakan tara mutane su saurari shiri da Hausa ko Zabarmanci, sa'an nan a tattauna, ya ɗauki muryoyinsu a rakoda ya aika Yamai. Daga cikin muryoyin nan ake haɗa shiri na gaba. Watau manomin Maraɗi yana iya jin kansa, ko ya ji ɗan'uwansa na Damagaram yana ba shi amsa. Abin da majigi ya rasa ke nan.

A 1964 kuma Nijar ta fara koyar da yaran firamare da telebijin. Ba su da isassun malamai, saboda haka suka ɗauki samari masu ilmin firamare kawai, suka yi musu horo na ɗan lokaci, suka sa kowane a aji kusa da akwati. Aikinsa shi ne ya shirya yara kafin darasi, ya kuma ci gaba da su bayan an kashe. Tun 1968 suka fara gwada ba akwatin wuta da hasken rana maimakon inji mai shan mai. Shirin ya tsaya a 1979, kayansa suka zama tushen Télé Sahel, gwamnatin Seyni Kountché kuma ta rarraba akwatunan kallon jama'a masu aiki da hasken rana a garuruwa.

Can ƙasar Indiya, daga Agusta 1975 zuwa Yuli 1976, an yi wani gwaji da tauraron ɗan'adam da suka ara daga Amurka. An sa akwati a ƙauyuka 2,400, kuma kowane akwati da mai kula da shi, yawanci malamin makarantar garin. Amma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne na gundumar Kheda a jihar Gujarat. Nan aka kafa ɗan ƙaramin turke a wani ƙauye mai suna Pij, aka ajiye akwatuna a wuraren ƙungiyoyin masu sayar da madara, masu ɗaukar hoto kuma suka riƙa shiga ƙauyuka suna sa mutanen gari su faɗi damuwarsu, har su fito a wasan kwaikwayo da kansu. A 1985 da aka ce za a ɗauke turken, mutanen suka fito suka ce ba su yarda ba. Ku gwada wannan da namu gidajen kallo da suka mutu ba wanda ya ko yi tari.

Har yanzu ana rarraba akwatuna. A ƙarƙashin wani shiri da ƙasar Sin ta yi alkawarinsa a 2015, kamfanin StarTimes ya sa kayan kallo masu aiki da hasken rana a ƙauyuka 1,000 na Nijeriya zuwa 2019. Madalla da wannan. Tambayarmu dai ba ta sake ba: wa zai tsaya kusa da akwatin, kuma me zai nuna?

Aikin mai sa kai

Abin da ya sake tun zamanin majigi shi ne kayan aiki sun sauko. Wayar da ke aljihun samarin nan tana ɗaukar hoto mai motsi da ya fi na motar En'e kyau. Akwai ƙaramin majigi da bai fi kwanon sha girma ba, mai aiki da batir, ana cika shi da farantin hasken rana. Farin bango ko zanen gado ya isa allo. Akwai kuma shirye-shiryen noma da aka riga aka yi da Hausa, kamar na ƙungiyar Access Agriculture, waɗanda ake saukewa kyauta a zuba a memori. Saboda haka muka ce wa samarin, tasharku tana yiwuwa, sai dai ba irin wadda kuke zato ba. Muka kuma gaya musu ɗaukar hoto shi ne mafi sauƙi a cikin aikin, kuma shi ne kowa zai yi rububinsa. Mai wuyar yana gaba.

Mu ɗauki dare ɗaya na nuni. Mai sa kai ya riga ya kalli shirin sau biyu ko uku shi kaɗai, ya san inda zai tsayar. Ya sanar da mai unguwa, da liman, da fasto inda akwai ikilisiya. Ya zaɓi wurin da kowa zai iya zuwa ba tare da jin nauyi ba, kamar filin makaranta ko ƙofar gidan mai gari, domin a garuruwanmu na Malumfashi da Kafur ana samun Musulmi da Kirista a zuriya ɗaya, kuma tsutsa ba ta tambayar gonar wane ne. Shirin kada ya wuce minti goma sha biyar. A nuna shi duka sau ɗaya ba tsayawa. Sa'an nan a sake, ana tsayarwa, ana tambaya: wa ya taɓa gwada wannan? Me ya faru? Me zai hana a yi shi a nan? A nan ne mai sa kai zai riƙe bakinsa, abin da yake yi wa ɗan makaranta wuya ƙwarai. Idan dattijo ya ce, "Yaro, wannan ba zai yi a jigawa ba," amsar ba gardama ba ce. Amsar ita ce, "Baba, a gaya mana dalili," a kuma rubuta dalilin a littafi. Littafin nan shi ne rabin tashar. Da safe a kai tambayoyin wurin malamin gona, ko ofishin KTARDA na shiyyar Funtuwa, ko a sami mai zuwa Samaru. Mako mai zuwa a fara da amsoshin kafin a nuna sabon abu. In aka yi sau biyu ana tambaya ba a dawo da amsa ba, dare na uku yara ne kaɗai za su zo.

Wajen ɗaukar shiri na gida kuwa, a nemi manomin da mutane suka san gonarsa, ba wanda ya fi iya magana ba. A ɗauke shi a gonar, da safe ko da yamma sa'ad da rana ba ta yi tsaka ba, a matso kusa domin iska kada ta cinye muryar. A nuna hannu yana aikin, ba fuska tana bayani ba. Kuma kada a ɗauki kowa, balle matar aure, sai da yardarsa da ta mai gidan.

Ga inda muka fi ja musu kunne. Abin da aka haska a bango, mutane suna ɗaukarsa gaskiya fiye da abin da aka faɗa a dandali. Saboda haka kuskure ɗaya yana iya cutar gari duka. Tsutsar masarar da ta dame su baƙuwa ce, a 2016 aka fara ganinta a Nijeriya, kuma a shekarar nan ce ƙwaron tumatir da ake kira sharon ya yi wa masu lambu ɓarna. Tun daga lokacin magungunan feshi suka cika kasuwa, na kirki da na jabu. Shirin da zai nuna wa manomi ya riƙa zaga gonarsa da sassafe tun masara tana ƙarama, ya duba ƙarƙashin ganye da cikin tsakiyar shuka inda tsutsar take ɓuya, ya yi aiki mai kyau. Amma shirin da zai ambaci sunan magani da yawan da za a zuba, kada ya hau bango sai malamin gona ya gani ya yarda. Wannan doka ce, ba shawara ba.

Mun ba su shawara su fara da ajiyar wake, domin a nan ne aka fi yin ganganci. Mutane suna zuba maganin ƙwari a cikin abin da 'ya'yansu za su ci, kuma saboda irin wannan ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015. Alhali tun 2007 aka fara yaɗa buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda yake kashe ƙwari ta hanyar hana su iska ba tare da magani ba. Sai dai yana da ƙa'ida. Wake ya bushe sarai, a duba leda ba huji, a matse iska, a ɗaure kowace leda dabam, a ajiye inda ɓera ba zai kai ba. In ka faɗi wannan da baki, rabi za a riƙe. In an ga hannu yana murɗa bakin leda yana ɗaurewa, an gama. Abu ne kuma da za a iya gwadawa a gaban jama'a: a ɗaure buhu yau, a buɗe shi bayan wata huɗu ko biyar, a ɗauki hoton ranar ɗaurewa da ranar buɗewa.

Da muka tambayi samarin mata nawa ne a ƙungiyarsu, sai suka dubi juna. A gidaje da yawa matan aure ba za su fito fili da dare ba, alhali su ne masu sussuka da ajiya da kiwon awaki da kaji, su ne kuma masu yin awara da waken soya. Nuninsu dabam ne, da rana, a cikin wani babban gida, a ɗaki mai duhu, kuma mace ce za ta riƙe na'urar ta yi bayani. Tashar da ba ta da mace ko ɗaya rabin gari take yi wa aiki.

Kuɗi, siyasa da tsaro

Sa kai ba ya nufin mutum ya ciyar da aikin gari daga aljihunsa. Wanda ya ba da darensa ya ba da abu mai yawa, kada a bar shi da kuɗin mai na babur da na gyaran batir. Mun ga masu himma da yawa sun gaji sun bari ba domin sun daina so ba, sai domin an mai da su bayin jama'a. Kayan su zama na ƙungiyar manoma ko ta gari, a rubuce, da ma'aji wanda ba shi ne mai riƙe na'ura ba. A yi asusu da kaka, sa'ad da kowa yake da abin bayarwa, ko da tiya ɗaya ta masara daga kowane gida. A kuma koya wa mutum biyu kowane aiki, gama saurayin da ya fi kowa iya na'ura shi ne wanda zai fara samun aiki a Kaduna ko Abuja. Da damina a rage nuni. Mai sa kai ma manomi ne.

Da zarar fili ya fara cika, baƙi biyu za su zo. Na farko mai sayar da magani da iri, zai ce zai ɗauki nauyin kome in za a nuna kayansa. Na biyu ɗan siyasa. Dukansu da fara'a za su zo. Ba mu ce a yi musu rashin kunya ba, amma kowa ya ci ladan kuturu ya san abin da ke jiransa. Ranar da aka haska fuskar ɗan takara a bangon nan, rabin gari sun daina zuwa, kuma ba za su dawo domin jin maganar wake ba.

Sai maganar da ba ma so mu yi amma tilas. A yammacin yankinmu, wajen Faskari, Sabuwa, Dandume da Ƙanƙara, 'yan bindiga sun sa taron dare ya zama abin tsoro a garuruwa da yawa cikin shekarun nan. Haske da ƙara a fili suna kiran wanda ba a gayyata ba. Mai gari ne zai ce a yi ko a bari, kuma in ya ce a bari, a koma nunin rana a cikin aji ko zaure, mutum ashirin ashirin. Ba shirin da ya kai ran mutum. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Funtuwa, Bakori da Malumfashi, aka yi watanni ba kira ba intanet. Wanda ya dogara ga saukar da shiri daga sama ya zauna hannu rabbana. Wanda yake da shirye-shiryensa a memori ya ci gaba da tura wa maƙwabta daga waya zuwa waya. Don haka duk abin da aka ɗauka a ajiye shi wuri biyu, a gida biyu.

Samarin sun dawo bayan kwana biyu kamar yadda muka yi. Muka karanta musu wannan duka. Ɗaya ya ce shi dai da ma so yake ya riƙa karanta labarai da kwat, aka yi dariya, kuma bai sake zuwa ba. Sauran huɗun suka koma suka sami mai garinsu. Ya ba su zaurensa, ya ce a fara bayan sallar la'asar, ba da dare ba. Ƙanwar ɗayansu, wadda take koyarwa a makarantar firamare, ta karɓi nunin mata. Ba su da majigi tukuna, akwatin mai shayi suke ara ranar da ba ƙwallo. Sun ɗaure buhun wakensu na gwaji a gaban mutane, mai gari ya sa hannu a jikin buhun da alli, an ajiye shi a ɗakinsa. A shafin farko na littafinsu akwai tambaya daga wata tsohuwa, tana so ta sani ko buhun zai yi wa gujjiya. Sun kai wa malamin gona, ya ce su dawo ranar kasuwa.